Layi Ukun da Bahago Ya Goge

Bahago ake ce masa tun yana makaranta, sunan kuma ya bi shi har wurin aiki. Shekararsa shida a wani ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar kwamfuta, a saman bene, ƙasansu shagon sayar da tayoyi. Su bakwai ne a ɗaki guda dogo mai fanka biyu, ɗaya ba ta tashi sai an tura ta da sanda. Teburinsa na jikin taga, kuma ba mai aron kujerarsa, don komai na kan teburin a hagu yake.

Aikin da ke riƙe da kamfanin na wani asibiti ne mai rassa huɗu. Idan an gwada jinin mutum ko fitsarinsa, likita ya duba sakamakon ya danna maɓalli, manhajarsu ce ke tura wa mutumin saƙo a waya. Ba a rubuta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Akwai samfuri, wato shiryayyen rubutu da aka bar gurbin suna da na rana, manhaja ta cike ta aika. Samfuran bakwai ne. Na shida yana cewa sakamako ya yi kyau, a dawo ranar da aka saba. Na bakwai yana cewa a zo asibiti yau, kada a jira.

Wanda ya fara rubuta manhajar wani dattijo ne da suke kira Tsoho, shi ya koya wa Bahago rabin abin da ya sani kafin ciwon ido ya zaunar da shi a gida. Yadda ya tsara, manhajar tana karanto samfuran daga fayil ta jera su layi-layi a wani wuri guda cikin ƙwaƙwalwar na'ura, wurin da a ofishin suke kira allo. Daga nan sai ta adana su kusa da hannu, don kada duk saƙo sai ta koma fayil. Adanawar hanya biyu gare ta. Ko ta kwafe rubutun ta ajiye nata, kamar ɗalibin da ya kwafe darasi a littafinsa, ko ta riƙe nuni kawai, ta tuna cewa saƙo kaza yana layi kaza a allo, ta leƙa can idan ta buƙata. Tsoho kwafi ya zaɓa. A saman layi ukun da ke yin kwafin ya bar gajeren rubutu: a kwafa, kada a riƙe nuni. Bai faɗi dalili ba.

Da asibitin ya buɗe reshe na huɗu sai na'urar ta fara nauyi. Tsohuwa ce, Manaja kuma ya rantse ba zai canza ta a bana ba. Kullum sai ya tsaya a kan Bahago da kofin shayi a hannu yana tambaya ko an gano inda take shaƙewa. Bahago ya bi manhajar lungu da saƙo, ya rage nan ya gyara can, har ya iso kan layukan Tsoho. Ya ga ana ta kwafe rubutu iri ɗaya sau dubbai a rana, ga shi kuwa yana nan zaune a allo. Ya karanta gargaɗin, ya yi murmushi, ya ce a ransa tsoron mutanen da ne. Lambar Tsoho na cikin wayarsa. Ya yi niyyar kira, sai aka kawo wuta bayan ɗaukewa, kowa ya koma kan aikinsa, shi ma ya goge layi ukun ya sa nuni a madadinsu.

Ya gwada saƙonnin bakwai, duk suka fita daidai. Na'urar ta ɗan sami sauƙi. Manaja ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce hannun hagun nan albarka gare shi. Wata biyar aka yi ba abin da ya faru.

Ranar wata Talata da hantsi babbar nas ta asibitin, wadda kowa ke kira Sista, ta buga masa waya. Mace ce mai shekara hamsin da wani abu, ba ta da doguwar gaisuwa. Ta ce wani mai ciwon sukari ya zo da kansa don jiri na ɗibarsa, likita ya ce ai tun makon jiya ya aika a kira shi, mutumin kuma ya nuna saƙon da ke cewa sakamakonsa ya yi kyau. Bahago ya buɗe rajistar aikawa ya duba. Rajistar ta nuna an tura masa samfuri na bakwai. Ya gaya mata haka, har ya ƙara da cewa wataƙila tsohon saƙo mutumin ya nuna.

"Ina zuwa," in ji Sista, ta kashe.

Bayan minti ɗaya hoton fuskar wayar mutumin ya shigo. Ga sunansa, ga ranar, ga sa'ar da ta yi daidai da ta rajista, ga kuma rubutun samfuri na shida.

Bahago ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya tuna rajistar lamba kawai take rubutawa, ba ta rubuta abin da ya fita. Ya buɗe fayil ɗin samfuran ya ƙirga, ya tarar takwas ne. Kwana tara da suka wuce sakataren asibitin ya ƙara sabon saƙo, na godiya, mai cewa sakamako ya fito an gode da zuwa, ya kuma saka shi a layi na shida. Hakkinsa ne, an ba shi damar yin haka tun farko. Manhajar ta sake jera allo, na shida ya koma na bakwai, na bakwai ya koma na takwas. Nunin da Bahago ya sa kuwa yana nan yana kallon inda ya saba. Masu lafiya suka riƙa samun saƙon godiya, ba wanda ya yi ƙorafi. Waɗanda likita ya ce su zo yau suka riƙa samun cewa lafiyarsu lau.

Ya koma kan manhajar. Maido da layi ukun bai ɗauke shi minti goma ba. Daga nan ya fitar da sunayen duk wanda aka tura wa na bakwai cikin kwanakin tara. Mutum talatin da ɗaya ne.

Ya shiga ɗan ofishin Manaja da takardar, ya rufe ƙofa ya yi masa bayani. Manaja ya saurara yana murza zoben hannunsa. Tambayarsa ta farko ita ce ko an gyara, ta biyu ko wani ya sani. Ya ce a sake tura wa mutanen saƙon da ya dace a yi shiru, in asibiti ya tambaya a ce layin waya ne ya cakuɗa, ai kowa ya san halin layukan nan. Ya ce mutum bakwai ne ke ci daga wannan kwangila, shi ma Bahago 'ya'ya uku gare shi. Bai ɗaga murya ba, kuma ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cika shi. Bahago ya ce saƙo ba zai wadatar ba, wanda aka gaya wa lafiyarsa lau sai an kira shi da baki. Ya ɗauki takardar ya sauka, ya tari mota ya nufi asibitin.

Sista ta ba shi kujera a wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye kwalayen safar hannu, ta zauna a ɗaya gefen teburin, suka raba sunayen. Ita ta ɗauki na sama, shi na ƙasa. Wasu suka ɗauka suka ce to, gobe. Sai an nace musu cewa yau ake nufi. Wata tsohuwa ta zage shi tas, ta ce su tsaya a magana ɗaya, ko tana da lafiya ko ba ta da ita. Wani ya ce yana wani gari. Lambobi huɗu a kashe suke, Sista ta tura direban asibiti ya bi adireshi. Kowane suna aka gama sai a ja masa layi da biro.

Na goma sha tara mace ce mai ciki wata takwas. A gefen sunanta likita ya rubuta hawan jini, da wata alama a fitsari. Bahago ya kira, namiji ya ɗauka, a bayansa ana jin muryoyin mutane da kukan jariri. Bahago ya gaishe shi ya ce daga asibiti ne, ana son matar ta zo yau.

Mutumin ya ce, "Ai ta rasu. Yau kwana huɗu."

Sista ce ta karɓi wayar daga hannun Bahago ta yi wa mutumin ta'aziyya, ta tambaye shi a hankali. Jijjiga ce ta kama matar a gida, aka kai ta wani asibiti mafi kusa, aka ciro yarinya da rai, ita kuma ba ta farfaɗo ba. Sista ta ajiye wayar ta dubi takardar. Ta ce saura mutum shida, ya ci gaba da kira. Ya ci gaba.

Da la'asar ya koma gida. Matarsa malamar makaranta ce, ya same ta a tsakar gida tana duba littattafan ɗalibai, autansu na wasa da murfin tukunya. Tana ganin fuskarsa ta kori yaran ɗaki. Ya gaya mata komai yana tsaye, jakarsa a kafaɗa. Ba ta ce ƙaddara ce ba, ko da yake ya so ta faɗa. Ta karɓi jakar, ta kawo masa ruwa, ta tambaya ko mijin matar ya san yadda aka yi. Ya ce a'a. Ta ce to, ta koma kan littattafanta, amma ya lura shafi ɗaya take kallo har rana ta faɗi.

Washegari kafin ya je ofis ya biya gidan Tsoho. Ya same shi a kujerar roba a ƙofar gida, da baƙin gilashi, rediyo a cinya. Tsoho ya gane shi da murya, ya fara yi masa tsiyar cewa sai yau ya tuna da makaho. Da ya ji abin da ya kawo shi sai ya kashe rediyon. Ya ce shi ma abin ya taɓa cizonsa a shekarar farko, lokacin saƙon tunatarwa ne ya fita a madadin na gaisuwa, aka yi dariya aka wuce, shi ya sa ya koma kwafi. Ya ce allo ba naka ba ne, duk wanda ya zo yana iya gogewa ya rubuta nasa, in kana son abu ya zauna yadda ka gan shi sai ka kwafa.

"Kalma biyar ce kawai, da na rubuta dalilin a wurin nan," in ji shi. "Na ce gobe, na ce gobe."

Bahago ya ce ba laifinsa ba ne, gargaɗin yana nan, shi ne ya karanta ya tsallake. Tsoho bai yi masa musu ba. Masu tafiya aiki na wucewa suna gaishe su.

Ranar Alhamis aka yi zama a ofishin babban likita. Manaja ya zo da rahoto shafi biyu da ya kwana biyu yana gogewa, a ciki an ce matsalar na'ura ce da ba a saba gani ba, an kuma shawo kanta. Ya karanta da kyau. Babban likita ya juya ya tambayi Bahago ko yana da ƙari. Bahago ya ji takalmin Manaja ya taɓa nasa a ƙarƙashin tebur. Ya ce na'ura ba ta yi komai ba sai abin da aka sa ta. Ya yi bayanin allo da kwafi da nuni, ya faɗi ranar da ya goge layukan, ya ce akwai gargaɗi a wurin kuma ya gani. Ya ce sakataren ba shi da laifi ko kaɗan, don ya ga an fara kallon mutumin.

Babban likita ya cire gilashinsa ya murza ido. Ya ce su ma da nasu, saƙon gaggawa bai kamata a bar wa na'ura ita kaɗai ba, daga yau duk wanda aka ce ya zo yau sai nas ta kira shi ta ji muryarsa. Bahago ya tambaye shi abin da ke cin ransa, ko da matar ta zo ranar da ta rayu. Likitan ya ce da ta zo da sun kwantar da ita, sun sa mata ido. Iyakar abin da zai iya faɗa ke nan, sauran ba a hannunsa yake ba.

A mota, da suka kusa ofis, Manaja ya dube shi. Ya ce gaskiya tana da kyau, amma ba ta ciyar da mutum bakwai.

Ranar Asabar Sista ta ce za ta je gidan mamaciyar, in yana so ya zo. Mijin kafinta ne. Gidan na ƙarshen wani lungu, shagonsa a gaba, ƙofofi uku da ba a gama ba jingine da bango, ƙurar katako ta kwanta a kan komai. A kusurwa akwai ɗan gadon jariri da aka goge amma ba a shafa wa fenti ba. Kafintan siriri ne, bai wuce talatin da biyar ba. Ya share musu benci da hannun rigarsa. Daga ciki ana jin wata mata tana lallashin jaririyar, ya ce yayarsa ce ta zo ta riƙe ta.

Bayan gaisuwa, tun kafin su faɗi abin da ya kawo su, kafintan ne ya fara. Ya ce kwana biyu kafin abin matar ta yi ta kukan ciwon kai, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ta ce ya mai da ita asibiti. Shi kuma yana da aikin da zai miƙa. Sai ya ɗauko wayar ya karanta mata saƙon, ya ce kin ji, likita da kansa ya ce lafiyarki lau, nauyin ciki ne. Ta yarda, don ita mai yarda ce. Ya fiddo wayar ya nuna musu, fuskar wayar a tsage, saƙon na nan.

Sista ta dubi Bahago. Ya gyara zama ya ce saƙon nan kuskure ne, ba shi likita ya aika ba. Kafintan ya ɗaga kai.

"Likita ya ga ciwon?"

"Ya gani."

"Ya ce ta zo?"

"Ya ce ta zo a ranar, kada ta jira."

"To wa ya canza?"

"Ni ne," in ji Bahago. "Ni nake rubuta abin da ke aika saƙon. Na yi wani gyara, gyaran ne ya jawo."

Kafintan ya kalle shi, kallo mai tsawo, daga fuska har takalmi. Bahago ya zaci zai tashi ya shaƙe shi, kuma da ya yi da ba zai kare kansa ba. Amma mutumin tambaya ya yi, ko ya san matar. Bahago ya ce a'a. Ko wani ne ya sa shi. Ya ce a'a, so ya yi na'urar ta yi sauri. Kafintan ya maimaita kalmar a hankali, sauri, kamar yana ɗanɗana ta. Sannan ya miƙe ya ce sun gode da zuwa, ya shige ciki ya bar su a shagon. Bai ce ya yafe ba, Bahago ma bai roƙa ba.

Sauran talatin ɗin duk an same su. Biyu an kwantar da su sun tashi, mai ciwon sukarin ya rasa yatsun ƙafa biyu, likita ya ce wannan dama yana tafe. Asibitin ya sanar da kamfanin cewa ba zai sabunta kwangila ba idan shekara ta ƙare. A ofis aka daina tsokanar Bahago, abin da ya fi zagi ciwo. In ya shigo sai hira ta mutu. Manaja ya mai da shi kan wani ƙaramin aiki na shagon littattafai, kuma duk layin da ya rubuta sai wani ya duba. Shi kansa ya zama in zai goge ko waƙafi ne sai ya daɗe hannunsa na kan maɓalli. Ya rame. Matarsa ta fara sa masa abinci a jaka don ta gane ba ya cin na rana.

Bayan mako biyar, da azahar, mai shagon tayoyi ya leƙo ya ce ana sallama da Bahago a ƙasa. Kafintan ne, da riga wankakkiya, ya aske. Suka gaisa a bakin matakala. Ya ce surukarsa ta ƙi yarda da maganarsa. Ita a wurinta shi ya hana 'yarta zuwa asibiti, ya ƙirƙiro zancen saƙo, har ta ce za ta ɗauke jikarta. Ba ta iya karatu ba, amma ƙanenta ya iya. Yana son takarda, a rubuce, mai nuna abin da likita ya ce a aika da abin da ya iso, da sa hannun wanda ya yi.

Bahago ya ce ya jira. Ya hau ya zauna ya rubuta, da sunan matar, da ranar, da sa'ar, da saƙon biyu ɗaya a kan ɗaya. A ƙasa ya rubuta cewa mijin ya karanta mata abin da aka aiko masa ne, kuskuren daga wanda ya sa hannu a nan yake. Injin buga takardu na ofishin Manaja ne. Manaja ya ɗauki takardar tana fitowa, ya karanta, ya ce in ta fita daga ginin nan lauya zai iya rufe su da ita, kuma Bahago ya san ba zai ƙara zama a kujerar nan ba. Bahago ya ce ya sani. Manaja ya riƙe ta kaɗan, sannan ya ajiye a kan tebur ya juya baya yana kallon taga.

Bahago ya sa hannu ya sauka. Kafintan ya karanta a tsaye, leɓɓansa na motsi, ya kai ƙarshe ya sake komawa kan saƙon da ya kamata ya iso. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba. Bahago ya tambayi jaririyar, ya ce tana nan, ta fara ƙiba, madarar gwangwani ta karɓe ta. Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce sai an jima, ya tsallaka titi.

Kafintan bai kai ƙara ba. Bahago ya bar aikin a ƙarshen watan, ya yi wata huɗu a gida kafin wata makarantar koyon kwamfuta ta ɗauke shi koyarwa, rabin albashinsa na da. Labarin jaririyar daga bakin Sista ya ji shi, wata rana da suka haɗu a kantin magani. Ta ce an bar ta a wurin ubanta, kakar kuma takan zo ta yini.